ƘAUYEN ALU: GIDAJE SUN RIGA FAMFO ZUWA

Wannan shi ne bayanin jawabin da wani malami, mai koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, ya gabatar wa matasa a wata makarantar Islamiyya da ke Ƙauyen Alu, Unguwa Uku, cikin ƙaramar hukumar Tarauni a Kano. Matasan ne suka gayyato shi don ya yi masu bayani kan halin da unguwa ke ciki ta fuskar ruwa da wuta da wurin wasa. An taƙaita wasu wurare saboda ƙarancin fili. 

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), malamin ya fara da tambayar matasan ko akwai wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani a kan sunan unguwar da yake kwana a cikinta. Ya ce ana cewa Ƙauyen Alu, to ina ƙauyen? Ina gonar, ina burtalin, ina makiyayar? Sunan ne kawai ya rage. Haka Tarauni, haka Gyadi-Gyadi, haka Darmanawa da Daurawa da Hotoro, duk garuruwa ne da ƙauyuka na bayan ganuwa, waɗanda birni ya taso ya haɗiye. A 1996, zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da ƙananan hukumomin jihar Kano suka kai 44, aka ba wannan yanki ƙaramar hukumarsa mai mazaɓu goma, aka sa hedkwatarta a Unguwa Uku.

Ya ce faɗin ƙasar Tarauni murabba'in kilomita 28 ne kacal, amma ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a cikinta. Wato kusan mutum 8,000 a kowane murabba'in kilomita. Tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, kuma yaran da aka haifa a shekarar su ne ga su nan zaune a gabansa da gemu ya fara tsiro. Saboda haka duk lissafin da za a yi da wannan adadi, a san cewa gaskiyar ta fi haka nauyi.

Malamin ya ce maganarsa ɗaya ce a wannan zama, duk sauran reshe ne. Maganar ita ce, a wannan yanki gidaje sun riga famfo zuwa. Da mutane suka gaji da jira, sai kowa ya nemi mafitarsa shi kaɗai. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareta, ya kafa sola, ya ja katanga ya rufe ƙofa. Marar hali kuwa ya koma sayen ruwa jarka-jarka da caji waya-waya. A ƙarshe sai ya zama talaka ne ya fi kowa biyan kuɗi mai yawa a kan abin da ya fi na kowa muni, kuma abin da yake na kowa da kowa, famfon unguwa da filin unguwa, ya rasa mai tsaya masa.

Da yake bayanin yadda aka kai ga haka, ya ce a farkon shekarun 1960 an sa wani Bature mai suna Trevallion ya tsara yadda birnin Kano zai bunƙasa cikin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. An yi takarda, an zana taswira. To amma gari bai tsaya inda takardar ta tsaya ba. Inda gwamnati ta yi awo da kanta, kamar rukunin gidajen Kundila, za a ga titi mai faɗi, an bar hanyar kwata, an bar hanyar bututu da turakun wuta. Inda ba ta yi ba, sai awon igiya ya yi. Manomi ya ga gari ya iso bakin gonarsa, ya kira dillali, a kawo igiya a yayyanka, kowane taku kuɗi ne. Wa zai bar fuloti guda don taransifoma? Wa zai bar fuloti goma don yara su buga ƙwallo? Lungun da za a bari ma sai wanda kura za ta iya ratsawa da ƙyar, in an yi rasuwa a fito da makara a karkace.

Amma ya gargaɗi matasan kada su ɗora laifin a kan iyayensu da suka sayi awon igiya. Ya ce mutum ya zo birni neman abinci, yana da mata da 'ya'ya, fulotin gwamnati ba ya isowa hannun irinsa, to ina zai sa kansa? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amana ga jama'a. Wanda aka damƙa wa amanar shi ne ya kamata ya riga dillali isa gonar.

Daga nan sai ya juya kan ruwa, inda ya fi daɗewa a jawabin nasa. Ya ce abin da zai ba 'yan'uwa mamaki shi ne Kano ba baƙuwar famfo ba ce. Tun 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta buɗe aikin ruwa da lantarki da kuɗin baitulmalin Kano, wato harajin talakawa da jangali. Aka jawo ruwa daga kogin Challawa ta wajen Panshekara, aka kai shi tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro gari. Ƙofar Famfo ma daga wannan aiki ta sami sunanta. A lokacin mutanen birnin ba su kai 100,000 ba. Yau ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haura miliyan 4.

Kuma ba a ce ba a ƙara komai ba tun daga nan. Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, tana ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2, kowane kubik mita kuwa lita dubu ne. An gama madatsar Challawa a 1992. An faɗaɗa matatar Challawa, an yi ta Watari, sannan a zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa wadda aka tsara ta riƙa tace lita miliyan 150 a kullum. Malamin ya ce a lura da inda Tamburawa take: a kan titin Zariya, titin nan da ya ratsa ta bakin Unguwa Uku ya wuce Gyadi-Gyadi. Wato ba wata uwa duniya ba ce tsakaninta da inda ake zaune. Sai ya tambaya, a cikin waɗanda ke wurin, wa ya yi alwalar Azahar da ruwan famfon gwamnati? Aka dubi juna, aka yi dariya.

Ya ce dariyar ba ta hana a fahimci dalili. Matatar ruwa ba ta aiki sai da wuta. Injin da zai ɗebo ruwa daga kogi wuta yake ci, wanda zai tura shi cikin bututu zuwa gari wuta yake ci. In babu wuta sai man gas, shi kuwa kowa ya san kuɗinsa. Ga magungunan tacewa, alam da sinadarin kulorin. Ga tsofaffin bututu da suka ruɓe suna zubar da ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ga waɗanda aikin titi ya fasa ba a mayar ba. Ga masu ɗibar yashi da suke ƙwaƙule gindin kogi. Sannan ga babbar matsalar irin wannan unguwa: ko da ruwa ya cika babban bututu a bakin titi, in ba a shimfiɗa ƙananan bututu cikin lunguna ba, ruwan wucewa zai yi kamar baƙon da bai san gidan kowa ba. Abin da aka rubuta a jikin allon matata daban, abin da ke ɗiga a bakin famfo daban.

A nan ne malamin ya ɗauki alli ya nufi allo, ya ce a yi lissafi tare, domin wanda bai iya lissafin abin da ake cutarsa da shi ba, ihu kawai zai yi ta yi. Ya ce a 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙi ne na ɗan Adam, kuma masana lafiya sun ƙiyasta mutum guda yana buƙatar aƙalla lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Jarkar 'yan garuwa lita 25 ce. Wato jarka biyu ga kowane rai. Gida mai mutum goma, jarka ashirin ke nan. A ɗauka ana sayar da jarka naira 100, kowa ya san akwai lokacin da ta fi haka, musamman da bazara. Naira 2,000 ke nan a rana, naira 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. To me ya rage na hatsi, me ya rage na haya?

Ya ce amsar ita ce babu mai ƙaramin ƙarfin da ke sayen jarka ashirin. Shida zai saya ko takwas, sai a yi ta maneji. Ruwan da aka wanke shinkafa a wanke kwano da shi, ruwan wanki a zuba a banɗaki, yaro ya kwana biyu bai ga wanka ba. Wanda ke ɗaukar wannan wahala kuwa ba saurayin da ke zaune a majalisa ba ne, mahaifiyarsa ce da ƙannensa mata, da ƙaramin yaron da ake tasa da asuba ya bi layin rijiya, ya isa makaranta an gama darasin farko. Wurin ya yi tsit da aka zo nan.

Sai ya ƙara lissafin gaba. Mutum 221,367 sau lita 50 ya haura lita miliyan 11 a rana. In kura ɗaya tana ɗaukar jarka 12, ana buƙatar sawun kura kusan 37,000 kowace rana ta Allah kafin a shayar da Tarauni ta 2006. Ya ce a dubi ƙirjin ɗan garuwa yana tura kura a kan yashi da tsakar rana, a san cewa aikin da injin ya kamata ya yi ne aka ɗora wa ɗan Adam. Don haka kada a huce a kan ɗan garuwa in ya ƙara kuɗi. Shi ma saye yake yi a wurin mai rijiya, mai rijiya kuma fetur yake saya, fetur kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya ninka ya sake ninkawa. Lita miliyan 11 ɗin nan kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ce Tamburawa za ta tace ba.

Game da rijiyar burtsatse, malamin ya ce yana roƙon Allah Ya saka wa duk wanda ya haƙa ya sa famfo a waje don maƙwabta. Amma ya ce akwai abin da ya kamata a sani. Birnin Kano a kan dutse yake zaune. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ba teku ba ne, ruwan damina ne da ya tsuma ya taru a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa. In kowane gida ya soka bututu yana zuƙa, kuma an shafe ko'ina da siminti, an cike kududdufan da ke tara ruwan sama su mayar da shi ƙasa, to rijiyar maƙwabci marar hali ce za ta fara ƙafewa, domin ita ce marar zurfi. Mai hali ya ƙara zurfi, marar hali ya ɗauki jarka. Kududdufin da aka cike kuwa ba ya yafewa, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi cikin ɗakunan mutane zai dawo neman wurinsa.

Daɗin daɗawa, in ji shi, ma'aikatan lafiya suna cewa a nisanta rijiya da masai kamar mita 30. Fulotin awon igiya kuwa sau da yawa tsawonsa ƙafa 50 ne, kimanin mita 15. Ko mutum ya nisanta rijiyarsa da masansa, ya kusanta ta da na maƙwabcinsa. Ruwa yana iya fitowa garai-garai alhali cuta na cikinsa. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,000, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ya ce wannan shi ne abin da burtsatse ba za ta taɓa maye gurbinsa ba: ruwan matata ana tace shi, ana sa masa magani, ana gwada shi. Ruwan lungu kuwa sai dai a yi bisimilla a sha.

Kan batun wuta bai daɗe sosai ba, ya ce wannan karatu kowa ya haddace shi. An yi NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a watan Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. An raba masu amfani da wuta aji-aji, daga ajin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa ajin E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin ajin A zuwa naira 225 kowane yunit, ya ninka fiye da sau uku, kafin a ɗan rage daga baya. Ya ce ko ba a faɗa ba, kamfanin da ke neman riba ya san layin da zai fi ba muhimmanci in wutar ta yi kaɗan, kuma kullum kaɗan ce, tunda ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, an haura mako guda cikin duhu. A waɗannan kwanaki tela da mai walda da mai niƙa da mai ƙanƙara suka zauna, ruwa ya ƙara tsada, kowa ya gane cewa wuta da ruwa igiya ɗaya ta ɗaure su.

Abin da ya tsaya a kai shi ne karo-karon taransifoma. Ya ce a unguwanni da yawa, da zarar taransifoma ta ƙone sai a ɗauko littafi a bi gida-gida, kowa ya kawo abin da aka yanka masa. A gyara, a yi murna, wata ya ƙare a kawo takardar kuɗin wuta kamar ba a yi komai ba. Alhali ƙa'idar hukumar da ke sa ido kan lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta ce sayen taransifoma da turaku da waya da gyaransu nauyin kamfani ne, ba na jama'a ba. Kuma tun 2020 hukumar ta sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi da za a rubuta wa wanda ba shi da mita. Akwai matakin kai ƙara, daga ofishin kamfani zuwa gaban hukumar, amma a rubuce ake yi, da kwanan wata da lambar takarda. Ya ce bai hana karo-karo ba in an matsu, domin ba za a ce wa mai jego ta jira hukunci cikin zafin Afrilu ba. Amma a riƙe rasit, a rubuta wasiƙa kafin a kashe ko kwabo, a ajiye kwafinta.

Da ya zo kan kafafen watsa labarai, malamin ya ce a nan kam ba za a ce an bar Tarauni a baya ba. Kano ta san rediyo tun shekarun 1940. Abubakar Rimi ya kafa jaridar Triumph a 1980, da 'yan'uwanta Albishir da Alfijir ta ajami, ya kuma kafa talabijin ta CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, ga ta nan a Hotoro. Dokar soja ta 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su kafa tashoshi, Freedom Radio ta fara a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta tsiro har mutum ya rasa wadda zai kama. Ga kasuwar waya ta Farm Centre a cikin Tarauni, ga ofisoshin 'yan fim a titin Gidan Zu. Ya ce abin dariya abin kuka, saurayi a Ƙauyen Alu yana iya kallon wasan ƙwallon Ingila a daidai lokacin da ake buga shi, amma ba ya iya sanin ranar da za a kawo ruwa a layinsu.

Ya ce rediyo makami ne, kuma an ga amfaninsa. Shirye-shirye irin su Inda Ranka sun sha fito da kukan unguwanni har mahukunta su motsa. Amma mafi yawan lokacin da ake saya a tashoshin nan na sojojin baka ne, wannan ya zagi ubangidan wancan, wancan ya rama, matasa su kwana suna musu a kan wa ya fi iya baƙar magana. Ko waɗanda ke bugo waya don kuka, sai ka ji mutum ya ce, wallahi muna cikin wani hali, muna roƙon gwamnati ta dube mu da idon rahama. Wane hali? Wane layi? Tun yaushe? Jami'in da ke saurare ba abin da zai kama, ba kuma abin da zai kama shi. Amma in mutum ya ce layi kaza, gida kaza, rabonmu da ruwa wata kaza, mun kai takarda ran kaza an buga mata hatimi, to ko mai gabatar da shiri ya sami abin da zai tsare jami'i da shi. Sannan ya ja kunne kan abin da ake turawa a WhatsApp da Facebook: hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba kada a ce na unguwa ne, domin ƙarya ɗaya tana rushe gaskiya goma da aka sha wahalar tarawa.

Daga nan ya gangaro kan wurin wasa da shaƙatawa, ya ce ya san wasu za su ga kamar wannan ba abin da za a tattauna a makarantar Islamiyya ba ne. Ya ce su sake tunani. Yaro ɗan shekara goma sha biyar jini ne ke tafasa a jikinsa, dole ya sami inda zai ƙone shi. In babu fili, akwai kango. In babu mai horarwa da usur, akwai wani a bakin lungu da kwalba a aljihu. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda yadda ya yi wa matasa illa, Kano na cikin wuraren da aka fi ambata. Bai ce rashin fili ne kaɗai ke kawo shaye-shaye da faɗan daba da ƙwacen waya ba, amma ya ce duk wanda ya girma a unguwa ya san bambancin yammacin da ake da wasa da yammacin da babu.

Ya ambaci Gidan Zu, wanda Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970, ya ce shi ne babban wuri mai itatuwa da ya rage wa wannan ɓangare na birni, inda talaka zai kai 'ya'yansa ranar sallah da kuɗi kaɗan. A 2019 gidan ya yi suna a duniya da labarin wai goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7, har gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Aka yi dariya sosai a nan. Malamin ya ce a yi dariya, amma a tuna cewa a 2020 gwamnati ta ba da sanarwar za ta mayar da gidan Tiga, wai hayaniyar gari na damun dabbobi. Har gwamnatin ta sauka a 2023 ba a tashe shi ba. Tambayar da ya ce kowa ya riƙe ita ce, da an tashe shi, me za a yi da filin? A kan titin nan dai aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014, matasa suka mai da shi wurin shan iska da ɗaukar hoto, amma wurin shaƙatawar da ke da mai gadi a ƙofa da farashi a jikin kaya na mai kuɗi ne. Shoprite da ke ciki ma ta rufe a watan Janairun 2024 da ciniki ya ƙi.

Ya ce Kano Pillars ta ci kofin ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma 'yan wasa ba daga sama suke faɗowa ba, daga filayen unguwa suke fitowa. Filayen nan kuwa yawancinsu harabar makarantun firamare ne da 'yan guntayen wuraren da ba a kai ga ginawa ba. Yadda suke tafiya iri ɗaya ne: wata safiya a ga an sauke yashi, a ce ai shaguna ne za a yi a jikin katanga don makaranta ta sami kuɗin shiga. Bayan shekara a ƙara layi na biyu. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a Filin Sukuwa da Masallacin Idi da otal ɗin Daula, aka yi ta shari'a, dukiya mai yawa ta salwanta, 'yan kasuwa da dama suka shiga uku. Ya ce ko mutum yana goyon bayan rusau ko yana adawa da shi, abu ɗaya ya fito fili: hana tubalin farko ya fi sauƙi a kan rushe bene.

Wani matashi ya tambaya, to su da ba su da kuɗi ba su da muƙami, me za su iya? Malamin ya ce su fara da sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai titunan unguwa da fitilunsu, da magudanan ruwa, da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, da banɗakunan jama'a da kwashe shara. Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne, tsara gari na KNUPDA ne, wuta ta kamfani ce. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ana buga shi duk wata, mai waya a hannu yana iya dubawa. Ƙauyen Alu mazaɓa ce mai kansilanta, sakatariya kuma a Unguwa Uku take, da ƙafa ma ana zuwa.

Sai ya ba su aiki. Ya ce su sayi littafi mai ƙwaƙƙwaran bango, su raba lunguna a tsakaninsu, mutum biyu-biyu. Su fara gaida mai unguwa su shaida masa abin da za su yi, kada a wayi gari a ce yara sun raina manya. A rubuta gida nawa ne a kowane layi, nawa ke da bututun gwamnati, yaushe rabonsa da ruwa, rijiya nawa, nawa suka ƙafe a bazarar da ta wuce, nawa ake sayar da jarka a kowane wata. Mutum ɗaya a kowace taransifoma ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, har kwana talatin, a gwada da ajin da aka rubuta a takardar kuɗi. A auna duk wani fili da yara ke wasa a cikinsa, ko da taku ne, a ɗauki hotonsa, a binciko a hannun wa takardarsa take.

Wani kuma ya ce, in aka kai takardar aka jefa ta a kwandon shara fa? Malamin ya ce za a jefa ta farko, wataƙila har ta biyu. Shi ya sa ake yin kwafi uku, ɗaya a miƙa, ɗaya a sa a buga mata hatimin karɓa a dawo da ita, ɗaya a kai gidan rediyo. Ya kuma ce kada su yarda wani ɗan takara ya saya masu littafin ko ya buga masu riguna, domin ranar da aka ga hularsa a kan aikin, rabin unguwa za su janye hannu, jami'in da aka je wurinsa kuma zai ce 'yan adawa ne aka turo. Kuɗin littafi da biro da kwafi, in ji shi, bai kai kuɗin datar da mutum biyar a cikinsu ke ƙonawa a mako ba.